Shehu Abdullahi

Shehu Abdullahi (an haife shi ranar 12 ga watan Maris, 1993, a birnin Sakkwato) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya. A asali ɗan wasan tsakiya ne mai taimakon masu tsaron baya, wato gurbin da 'yan kallo a Najeriya ke kira lamba huɗu, amma yawancin wasannin da ya yi wa babbar tawagar ƙasa ta Super Eagles ya yi su ne a matsayin mai tsaron baya ta gefen dama, wato lamba biyu. A takardun hukumar FIFA da kafofin labaran ƙetare an fi rubuta sunansa Abdullahi Shehu.

Ya yi suna ne a ƙungiyar Kano Pillars, daga nan ya taka leda a ƙasashen Kuwait, Fotugal, Cyprus, Turkiyya da Bulgeriya kafin ya dawo gida. Ya samu lambar tagulla da Najeriya a manyan gasanni uku: gasar CHAN ta 2014, wasannin Olamfik na 2016 a Brazil, da gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2019. Yana kuma cikin 'yan wasa 23 da suka wakilci Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha.

Tasowa da Kano Pillars

Sakkwato ba ta cikin garuruwan da aka saba jin 'yan Super Eagles na fitowa daga cikinsu. A Arewa, Kano da Kaduna da Jos su ne suka daɗe da riƙe wannan kambu, saboda a can manyan ƙungiyoyi suke, can kuma masu farautar 'yan wasa suka fi zuwa. Yaron da ya taso yana buga ƙwallo a unguwannin Sakkwato ko a filin wasa na Giginya, in yana son a gan shi, yawanci sai ya bar gida. Haka ta faru da Shehu.

Ya shiga Kano Pillars a shekarar 2012, a daidai lokacin da ƙungiyar ke ganiyarta. Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida, ta lashe gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma a wannan zamani tana cikin wani dogon tarihi na rashin shan kaye a gida a gasar, wanda ya faro tun 2003, ya haura wasanni 200, sai a 2015 Nasarawa United ta karya shi. Shehu ya yi wasa a tsakiya tare da Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Rabon aikin a fili yake: Rabi'u ke ƙirƙira da ci, Shehu ke ƙwato ƙwallo da toshe hanya. Aiki ne da ba ya jawo tafi sosai, amma masu horar da tawagogin ƙasa sun lura da shi tun yana ɗan shekara 20.

Kuwait da Fotugal

Bayan gasar CHAN ta 2014 ya koma ƙungiyar Qadsia ta ƙasar Kuwait, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi tara kofuna a ƙasar. Bai daɗe a can ba. A 2015 ya tsallaka Turai, inda ya sa hannu a União da Madeira ta Fotugal, ƙungiyar birnin Funchal da ke tsibirin Madeira, mahaifar Cristiano Ronaldo. União ta hau babbar gasar Fotugal ke nan bayan shekara 20 rabonta da ita, kuma ba ta iya zama ba: a ƙarshen kakar 2015–16 ta sake faɗawa gasa ta biyu. Shehu dai ya ci ribar kakar, domin ya kara da Benfica da Porto da Sporting, ya kuma samu wasannin da suka sa aka tafi da shi Olamfik.

Anorthosis da Bursaspor

A 2016 ya koma Anorthosis Famagusta ta Cyprus. Ƙungiya ce mai zaman gudun hijira: tun yaƙin 1974 da ya raba tsibirin gida biyu ta bar garinta na Famagusta, take buga wasanninta a Larnaca. Yana wannan ƙungiya ne ya zama ɗan wasan da ake farawa da shi a Super Eagles.

A watan Janairun 2018, wata biyar kafin gasar cin kofin duniya, Bursaspor ta Turkiyya ta saye shi. Kocinta a lokacin shi ne Paul Le Guen ɗan Faransa, tsohon kocin Kamaru, kuma Shehu ya tarar da 'yan Najeriya biyu a can, William Troost-Ekong da Mikel Agu. A ido, ci gaba ne babba, don Bursaspor ita ce ta ci gasar Turkiyya a 2010, ta karya babakeren manyan ƙungiyoyin Istanbul. Sai dai ya same ta tana gangara. A ƙarshen kakar 2018–19 ta faɗi daga babbar gasa. Shehu bai tafi ba, ya buga mata kaka guda a gasa ta biyu, amma ba ta samu komawa sama ba a 2020. Wannan shi ne karo na biyu da ƙungiyarsa ta faɗi a Turai, kuma zaman gasa ta biyu ya zo masa ne a lokacin da matasa masu wasa a manyan gasanni ke neman gurbinsa a tawagar ƙasa.

Omonia

A 2020 ya koma Cyprus, wannan karon ƙungiyar Omonia ta birnin Nicosia, ƙarƙashin koci Henning Berg ɗan Norway, tsohon ɗan bayan Blackburn da Manchester United. A nan ya fi tara kofuna a duk zamansa na ƙetare. Omonia ta lashe gasar Cyprus ta 2020–21, karo na farko tun 2010, ta ƙara da kofin Super Cup na 2021 a kan tsohuwar ƙungiyarsa Anorthosis, sannan ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar a 2022 ƙarƙashin Neil Lennon, bayan ta doke Ethnikos Achna a bugun fenareti. A kakarsa ta farko kuma Omonia ta buga matakin rukuni na gasar Europa, karon farko a tarihinta da ta kai wannan mataki a wata gasar Turai, inda ta haɗu da PSV da Granada da PAOK.

Levski Sofia da dawowa gida

A 2022 ya yi ɗan gajeren zama a Levski Sofia ta Bulgeriya. Shekara 20 kafin nan Garba Lawal, ɗan Kaduna, shi ma ya sa rigar wannan ƙungiya, kuma shi ma ɗan wasan tsakiya ne da masu horarwa suka riƙa juyawa gurbi zuwa gurbi. A 2024 Shehu ya koma Kano Pillars, wadda ta faɗi daga gasar Firimiya a 2022 ta kuma dawo a 2023. A kakar 2024–25 ya yi wasa tare da Ahmed Musa da Rabi'u Ali.

Tawagar matasa da gasar CHAN

Shehu ya fara wakiltar Najeriya ne a tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, Flying Eagles, ƙarƙashin John Obuh. A 2013 tawagar ta zo ta uku a gasar matasan Afirka da aka yi a Aljeriya, sannan ta je gasar duniya a Turkiyya, inda Uruguay ta fitar da ita a zagaye na biyu da ci 2–1.

A watan Janairun 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida kaɗai ke shiga. Wannan ne karon farko da Najeriya ta halarci gasar. Ta fara da shan kaye a hannun Mali da ci 2–1, ta doke Mozambik 4–2, ta fitar da masu masaukin baƙi da ci 3–1. Wasan da aka fi tunawa shi ne na kwata fainal da Maroko a Cape Town: an tafi hutun rabin lokaci Maroko na gaba da ci 3–0, Najeriya ta farke dukkansu, ta kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Ghana ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe a bugun fenareti bayan an tashi babu ci, sai ta doke Zimbabwe 1–0 ta zo ta uku. Libiya ce ta ɗauki kofin.

Olamfik na 2016 a Brazil

Dokar ƙwallon Olamfik ta maza ta tanadi 'yan ƙasa da shekara 23, da damar ƙara manya uku. A gasar 2016 an yanke cewa sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1993 zuwa sama, don haka Shehu ya shiga da ratar mako goma kacal. Akwai wani dalili da ya sa koci Samson Siasia ke buƙatar irinsa: tawagar Olamfik mutum 18 ce kawai, kuma ana wasa duk bayan kwana uku, saboda haka ɗan wasan da zai iya riƙe gurbi biyu ko uku ya fi ƙwararre a gurbi ɗaya amfani. A Brazil, a baya aka yi amfani da Shehu, ba a tsakiya ba, inda kyaftin John Mikel Obi da Okechukwu Azubuike da Oghenekaro Etebo suka riga suka cika wurin.

Tafiyar ta fara da rikici. Tawagar ta yi sansanin horo a birnin Atlanta na Amurka, sai ta maƙale a can kwanaki saboda matsalar jirgi da kuɗinsa. A ranar wasan farko, 4 ga watan Agusta, ta tashi daga Atlanta, ta sauka a Manaus, a tsakiyar dajin Amazon, saura sa'o'i kaɗan a take wasa da Japan. Duk da haka ta ci 5–4, Etebo ya zura huɗu, Sadiq Umar ɗaya. Ta doke Sweden 1–0, Kolombiya ta doke ta 2–0 a São Paulo bayan ta riga ta haye, sannan ta fitar da Denmark da ci 2–0 a Salvador. Jamus ta yi mata 2–0 a wasan kusa da na ƙarshe.

Ranar 20 ga Agusta, a filin Mineirão na Belo Horizonte, Najeriya ta doke Honduras 3–2 a wasan neman na uku. Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Ta kai 3–0 kafin Honduras ta farke biyu, aka ƙare wasan da kyar. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samu a dukkan wasannin Rio, kuma da ita ƙasar ta haɗa zinare na 1996 da azurfa ta 2008 da tagulla a ƙwallon Olamfik. Wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, da labarin wahalar tawagar ya taɓa, ya je Brazil ya ba ta kyautar dala 390,000. A wannan rana dai Brazil ta ci zinarenta na farko a ƙwallon Olamfik, bayan ta doke Jamus a bugun fenareti a filin Maracanã.

Hanyar zuwa Rasha

Gernot Rohr ɗan Jamus ya karɓi Super Eagles a watan Agustan 2016. Ya tarar da tarin 'yan tsakiya: Mikel, Ogenyi Onazi, Wilfred Ndidi, Etebo, John Ogu. Gefen dama na baya kuwa babu mai shi, har Kenneth Omeruo, wanda ɗan tsakiyar baya ne, an gwada a wurin. A nan ƙofa ta buɗe wa Shehu, kuma zuwa 2017 gurbin ya zama nasa.

Najeriya na rukunin B na neman gurbin gasar cin kofin duniya tare da Aljeriya da Kamaru da Zambiya, rukunin da aka ɗauka ya fi kowanne zafi a Afirka. Shehu ya buga wasanni biyu da Kamaru, wadda ke riƙe da kofin Afirka a lokacin: 4–0 a Uyo ranar 1 ga Satumban 2017, da 1–1 a Yaoundé bayan kwana uku. Ranar 7 ga Oktoba Zambiya ta zo Uyo ta matsa wa Najeriya lamba fiye da yadda aka zata. Ana cikin minti na 70 da ɗoriya babu ci, Shehu ya haura ta gefen dama ya karɓi ƙwallo daga Victor Moses, ya mayar da ita baya cikin da'irar yadi 18, Alex Iwobi da ya shigo daga benci ya jefa ta raga. Da wannan ci ɗaya Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbi a Rasha. Ita ce ƙwallon da aka fi danganta sunan Shehu da ita, duk da ba shi ya ci ba, kuma tana nuna abin da ɗan tsakiya ke kawowa idan aka ajiye shi a gefe: ya ɗaga kai ya nemi mutum, bai bugo ta sama bisa sa'a ba.

Batun wasan Aljeriya

Wasan ƙarshe na rukunin an yi shi a Constantine ranar 10 ga Nuwamban 2017, aka tashi 1–1, John Ogu ya ci wa Najeriya, Yacine Brahimi ya farke da fenareti. Shehu ya buga wasan, alhali bai cancanta ba. Doka ta ce duk wanda ya karɓi katin gargaɗi a wasanni biyu daban-daban na neman gurbi sai ya huta wasa na gaba, kuma katin zagayen baya ba ya goguwa. Katinsa na farko ya samo shi ne a wasa da Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, a watan Nuwamban 2015, zamanin koci Sunday Oliseh. Na biyu kuma a wasan Zambiya na Uyo. Kusan shekara biyu ke tsakaninsu, an canza masu horarwa, ba wanda ya haɗa lissafin.

A watan Disamba FIFA ta ba Aljeriya nasara da ci 3–0, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya kuɗin Suwizalan faran 6,000. Makin Najeriya ya ragu daga 14 zuwa 13, Zambiya da ke biye da ita na da 8, don haka gurbin bai taɓu ba. Abin da ya tafi shi ne tarihin kammala rukunin ba tare da shan kaye ba. Da tazarar ba ta kai haka ba, da labarin ya sha bamban: a 2013 irin wannan kuskure ya raba Cape Verde da gurbinta a zagayen ƙarshe na neman zuwa gasar 2014, aka ba Tunisiya. Sunan Shehu ne ya cika kanun labarai, amma lissafin katuna aikin jami'an tawaga ne, ba na ɗan wasa ba, kuma hukumar ce aka hukunta.

Gasar cin kofin duniya ta 2018

Shehu ya je Rasha sanye da riga mai lamba 12. An fara da shi a wasan farko da Kuroshiya a Kaliningrad ranar 16 ga watan Yuni, wanda Najeriya ta sha kashi 2–0, Etebo ya ci gida, Luka Modrić ya ƙara da fenareti. Bayan wannan wasa Rohr ya sauya tsari daga masu tsaron baya huɗu zuwa uku, Omeruo da Troost-Ekong da Leon Balogun, ya kuma damƙa wa Victor Moses dukkan gefen dama, hawa da sauka. Sabon tsarin ba shi da gurbin lamba biyu irin na da, tsakiya kuma a cike take, sai Shehu ya koma benci. Daga nan ya kalli nasarar 2–0 a kan Iceland a Volgograd, wadda Ahmed Musa ya ci duka biyun, da shan kaye 2–1 a hannun Ajantina a Saint Petersburg ranar 26 ga Yuni, inda ƙwallon Marcos Rojo ta minti na 86 ta koro Najeriya gida.

Kofin Afirka na 2019 da bayansa

A Masar ma da shi aka fara wasan farko, da Burundi a Iskandariya ranar 22 ga Yunin 2019, amma ya ji rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Chidozie Awaziem ya canje shi. Najeriya ta ci 1–0 ta ƙafar Odion Ighalo. Awaziem, wanda shi ma ba ɗan gefe ba ne a asali, ya riƙe gurbin har wasan kusa da na ƙarshe. Najeriya ta fitar da Kamaru da ci 3–2 da Afirka ta Kudu da ci 2–1, Aljeriya ta cire ta a wasan kusa da na ƙarshe da bugun tazarar Riyad Mahrez ana daf da tashi, sannan ta doke Tunisiya 1–0 ta zo ta uku.

An sa sunansa a jerin farko na 'yan wasan da Augustine Eguavoen ya zaɓa domin gasar Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022, amma kafin a fara aka maye gurbinsa da Tyronne Ebuehi. Zuwa lokacin Ola Aina ya riga ya zama mai gefen dama na tawagar.

Salon wasa

Shehu na amfani da ƙafar dama. Ƙarfinsa na cikin karanta wasa, tsayuwa inda ya dace, da miƙa ƙwallo cikin natsuwa, ba gudun fanfalaki ko yankan 'yan wasa ba. Waɗannan halaye ne na ɗan tsakiya, kuma su ne suka sa ya zauna daram a gefe a wasannin da Najeriya ke buƙatar kiyaye gida, kamar na Kamaru. Idan kuwa ana son ɗan gefe mai kai hari ba ƙaƙƙautawa, ko kuma abokin karawa ya ajiye masa mai tsananin gudu, a nan ake ganin ba wurinsa ba ne tun asali. Iya wasa a gurbi da yawa shi ya kai shi Rio da Rasha, shi kuma ya sa bai taɓa samun dogon zama a tsakiyar Super Eagles ba, inda ya fi ƙwarewa. A ƙungiyoyinsa na Cyprus da Turkiyya an yi amfani da shi a tsakiya da gefen dama, wani lokaci har tsakiyar baya, gwargwadon wanda ya ji rauni a wannan mako.

Kofuna da lambobi

Da Kano Pillars ya ci gasar Firimiyar Najeriya. Da Omonia ya ci gasar Cyprus ta 2020–21, Super Cup na 2021, da kofin ƙalubale na 2021–22. Da Najeriya ya zo na uku a gasar matasan Afirka ta 2013, gasar CHAN ta 2014, wasannin Olamfik na 2016, da gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2019.